Sayen gida: kafin ka ƙirga kuɗi, duba takarda da idon banki

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara 11 tana sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Maraɗi. Duk Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwa ke ci, sai ta zuba adashe. Kwasa uku ta haɗa, ta ƙara da kuɗin ƴan kunnenta na zinariya, ta sayi wani gida mai ɗaki biyu a bakin gari a kan miliyan 4 na sefa. Dillali ya kawo mai gida, aka zauna a zaure aka yi ciniki, aka shafa fatiha. An rubuta takardar sayarwa a kan fallen littafin ƴan lakwal, shaidu biyu suka dangwala hannu, aka haɗa mata da fotokopin takardar filin. Ta naɗe su a leda ta sa ƙarƙashin adaka, hankalinta kwance.

Bayan shekara biyu, ana gab da azumi, ta so ƙara jari. Ta ɗauki takardun ta nufi wani banki don ta jinginar da gidan. Ma'aikacin bai yi minti biyu yana dubawa ba ya miƙa mata abinta, ya gaya mata cewa sunan da ke kai ba nata ba ne, kuma abin da ke hannunta kwafi ne kawai. Da la'asar ta aiko a kira ni. Ina shiga ta ce: "Ɗana, kai da ka yi boko, zo ka karanta mini abin da na saya." Washegari muka je ma'aikatar magajin gari, wato meri, aka buɗe rajista. Ashe wata bakwai kafin ta biya kuɗinta an riga an juya filin da sunan wani mutum da ke zaune a Yamai, wanda shi ne ke riƙe da asalin takarda. Mai sayarwa kuwa ya bar gari. Shekara uku aka yi ana shari'a. Gidan ya tafi ga mai asalin takarda, ita kuma aka yanke a mayar mata da kuɗinta, wanda har yau ko rabi bai shigo hannunta ba.

Tun daga lokacin, duk ranar da muka buɗe layi a gidan rediyo a kan maganar filaye da gidaje, kusan labari ɗaya nake ji da muryoyi daban-daban. Abin da na lura da shi shi ne, aibin da ma'aikacin banki ya gani cikin minti biyu yana nan tun ranar ciniki, babu dai wanda ya duba. Don haka shawarar da zan ba ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata ita ce: ko ba ku da niyyar cin bashi har abada, kafin ku biya kuɗin gida ku tambayi kanku, shin banki zai yarda ya karɓi wannan takarda jingina? In amsar a'a ce, ku nemi dalili kafin kuɗi su bar hannunku.

Takardun fili hawa-hawa ne

A bakinmu duka "takardar gida" muke cewa, amma a gaban doka ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta ƙasa ita ce takardar hannu, wadda mai saye da mai sayarwa suka rubuta tsakaninsu da shaidu. Tana nuna cewa ka ba wane kuɗi, yana da amfani in an je gaban alƙali. Sai dai ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ba. Ko an kai ta an buga hatimin tabbatar da sa hannu, hatimin yana shaida cewa wane ne ya sa hannu, bai ce gidan nasa ne ba.

Ta biyu ita ce takardar mallakar gargajiya, wadda ta shafi gonaki da filayen karkara. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar da mutum ya gada bisa al'ada, a ƙarƙashin tsarinta kuma aka kafa kwamitocin filaye da aka fi sani da Kofo: na ƙauye ƙarƙashin mai gari, na gunduma ƙarƙashin magajin gari, na yanki ƙarƙashin prefe. Ta hannunsu ake samun shaidar mallakar gado, ta sayarwa, ta kyauta, ta aro ko ta jinginar gona. Takarda ce mai ƙarfi a wurinta. Matsalar tana tasowa ne a gefen birane, inda gari ke cin gona. Ka sayi yanki a gonar wani, ka yi gini, ranar da aka zo yanka filaye a hukumance sai ka tarar hanya ta bi ta tsakar gidanka, ko wurin ya faɗa cikin filin da aka ware wa makaranta ko asibiti.

Ta uku ita ce wadda mafi yawan mutanen birni ke riƙe da ita, akt de sesiyon. Ana ba da ita ne bayan an yanka fili a hukumance, tana ɗauke da sunan yankin da aka yanka, lambar ilo, lamba ko harafin parsel, faɗin wurin da sunan mai shi. In an sayar, dole a koma meri a juya ta da sunan mai saye, a rubuta a rajista. Nan ne gwaggona ta faɗi: ba a ba ta asali ba, kuma ba a juya ba.

Ta sama duka ita ce titir fonsiye. Tsarinta ya samo asali daga dokar 26 ga Yuli 1932 ta zamanin mulkin mallakar Faransa a Afirka ta Yamma. Ana auna wurin, a ba shi lamba, a buɗe masa shafi nasa a babban littafin filaye da ke hannun ma'aikatar filaye da kadastar, ƙarƙashin hukumar haraji. Duk abin da ya sami gidan daga baya, sayarwa ce, gado ne, jingina ce, a wannan shafi ake rubuta shi. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba ya kama mutumin waje. Da yake jama'a sun daɗe suna kukan tsada da jan lokaci, a 2006 aka ɓullo da wata hanya mai sauƙi ta fitar da titir, aka ma ba ta suna da Hausa, Sheda. Duk mai akt de sesiyon da sunansa ya kamata ya je ma'aikatar filaye ta jaharsa ya tambayi abin da ake bukata don takardarsa ta hau wannan mataki.

Binciken da za a yi kafin a biya

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun wake sai ya soka ƙarfe ya ga ƙwaya. Abin mamaki shi ne mutumin nan ɗaya zai yi cinikin biri a sama a kan gidan miliyoyi, don kawai dillali abokin sahunsa ne a masallaci. Ga abubuwan da bai kamata a tsallake ba.

Na farko, asalin takarda. A riƙe ta a hannu, a gwada sunan da ke kai da na katin shaidar ɗan ƙasa na mai sayarwa, harafi da harafi. In an ce asalin yana wurin yaya a Kano ko Kwatano, a jira ya iso. In an ce yana banki, to gidan yana cikin jingina ke nan, wannan kuma wata magana ce da sai noter ya shiga.

Na biyu, rajista. Takardar da ke hannun mutum tana iya zama ta jabu ko tsohuwa. Ku je meri da ƙafarku, ku ba da lambar ilo da ta parsel, a gaya muku sunan da ke rubuce a yau. In gidan yana da titir, a nemi ma'aikatar filaye ta ba da takardar da ke bayyana halin da yake ciki: wane ne mai shi, ko akwai jingina a kansa, ko wani ya shigar da ƙorafi. Kuɗin wannan bincike bai kai na buhunan siminti kaɗan ba.

Na uku, a yi hattara da duplikata. Masu karanta jaridar gwamnati Le Sahel sun saba ganin sanarwar noter cewa takardar parsel kaza ta ilo kaza ta ɓace, duk wanda ya tsinta ya kawo. Yawanci ɓatan gaskiya ne. Amma akwai mai ajiye asali wurin wanda ke binsa bashi, ko ya sayar da shi, sannan ya ce ta ɓace a fitar masa da wata ya sake sayarwa. In duplikata aka nuna muku, ku ninka bincike.

Na huɗu, ƙasa da takarda su yi daidai. A ɗauki ma'aunin fili mai lasisi, jewometir, ya je da taswirar yankin ya gano duwatsun iyaka. Sau da yawa takarda ta gaskiya ce, amma filin da aka nuna wa mai saye daban ne: a nuna maka na bakin babbar hanya, alhali lambar ta na cikin kwari ce. Haka kuma maƙwabci yana iya cin mita ɗaya ko biyu da katangarsa tun kafin ka zo.

Na biyar, gidan gado. Wannan shi ya fi cika kotuna. Babban wa ba shi da ikon sayar da gidan uba shi kaɗai, ko da shi ya yi ɗawainiyar jinya da jana'iza. A nemi takardar kotu da ke lissafa magada, da takardar zaman iyali da ta naɗa wanda zai sayar da yawun kowa. A tambaya ko akwai marayu ƙanana, ko ƴar da ke aure a wani gari, ko ɗan da ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya. Wanda aka manta da shi yau shi zai dawo bayan shekara goma da sammaci. Haka nan duk wanda ya ce shi wakilin mai gida ne, ya nuna takardar wakilci da aka yi a gaban hukuma, kuma in da hali a yi magana da mai gidan baki da baki.

Na shida, ruwa da hanya. A watan Satumba 2020 shingen kogin Kwara ya ɓalle a Yamai, unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy suka koma tafki. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, birnin Maraɗi ya ga tashin hankali a ƙarshen watan Agusta, a Damagaram kuma har tsohon masallacin Birni ya rushe. Filin da aka nuna maka da rani yana da wata fuska a watan Agusta. Ku tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi. Ku kuma tuna rusau ɗin 2016 a Yamai, lokacin da aka kwashe shaguna da rumfunan da ke bakin tituna: abin da yake na jama'a, hanya ce ko filin da aka keɓe, babu takardar hannun da za ta mayar da shi naka.

Daga ƙarshe, a tambayi mai unguwa da maƙwabta ko akwai rigima a kan wurin, a ga takardun biyan wutar NIGELEC da na ruwa da na lanhon gida, a kuma san ranar da ƴan haya za su tashi in akwai su. Matambayi ba ya ɓata.

Mene ne aikin noter?

Da yawa daga cikinmu muna ganin noter na manyan alhazai ne da kamfanoni. Noter masanin doka ne da gwamnati ta naɗa kuma ya yi rantsuwa, takardar da ya rubuta tana da ƙarfin da ta hannu ba ta da shi. Shi ba lauyan ɓangare ɗaya ba ne. Aikinsa ya tabbatar da ko su wane ne masu ciniki, ya binciki asalin mallaka, ya tambayi ma'aikatar filaye ko akwai jingina, ya rubuta yarjejeniya ya bayyana ta ga kowa. In ba ka jin Faransanci, ka nemi a fassara maka ita layi-layi kafin ka sa hannu, haƙƙinka ne. Bayan sa hannu shi ke kai takarda a biya harajin rajista, ya bi ta har a juya gidan da sunanka. Yana ajiye asalin yarjejeniyar a ofishinsa, ko gobara ta ci taka kana iya samun kwafi. In kuma ya yi sakaci a aikinsa ana iya kai ƙararsa, akwai ma majalisar noter ta ƙasa da ke sa ido a kansu.

Babban amfaninsa ga mai saye shi ne kuɗi suna iya bi ta hannunsa. Ka zuba a asusun ofishinsa, ya ba ka rasit, mai sayarwa ba zai taɓa su ba sai takardu sun kammala. In gidan yana cikin jingina, daga kuɗin ne noter zai fara biyan bankin mai sayarwa, a sauke jinginar, sannan a ba shi saura.

Kafin alƙalami ma a rubuce ya kamata a ba da shi. A faɗi nawa ne, a faɗi ranar cikawa, a faɗi abin da zai faru in wani ya fasa. Wanda zai cika kuɗin da bashin banki ya sa a rubuta cewa in banki ya ƙi ba da bashi, za a mayar masa da abin da ya bayar. Rashin wannan layi ɗaya ya sa mutane da dama asarar kuɗin da suka daɗe suna tarawa.

Kuɗin aikin kashi uku ne: harajin da ke shiga baitulmali, kuɗin juya suna a rajista, da ladan noter wanda doka ta tsara ma'auninsa. Ku nemi a rubuta muku lissafin tun farko, ku sa shi cikin kasafin sayen gidan tare da la'adar dillali. Akwai wata dabara da ake yawan kawowa, wai a rubuta kuɗi ƙasa da wanda aka biya don haraji ya ragu. Kada ku yarda. Laifi ne, hukumar haraji tana da ikon sake ƙiyasta gidan ta ci tara, kuma in ciniki ya warware abin da ke rubuce kaɗai za ka iya nema. Ka biya miliyan 12, takarda ta ce 7, wa zai shaida maka sauran 5?

Wasu kuma kunya ke hana su. Yaya zan ce wa Alhaji wane mu je wurin noter, kamar ban yarda da shi ba? Malamai dai sun sha tunatar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Alhaji mutumin kirki ne, amma ranar da ya kwanta dama da ƴaƴansa za ka yi, su kuwa ba su halarci zaman zaure ba.

Abin da banki ke nema

Dokar jingina a Nijar ta ƙungiyar OHADA ce, wadda aka kafa a 1993 mai ƙasashe 17, aka kuma sake fasalin dokar jinginar a watan Disamba 2010 a Lome. Ficewar ƙasarmu daga CEDEAO a Janairu 2025 ba ta taɓa wannan ba, haka ma ƙa'idodin babban bankin BCEAO. A wannan doka, ƙa'ida ita ce gidan da aka yi wa rajista a littafin filaye, wato mai titir, shi ake jinginarwa, kuma jinginar ba ta kama kowa sai an rubuta ta a shafin gidan. Wanda ya riga rubutawa shi ake fara biya, shi ya sa banki ke son zama na farko. Wani bankin yana iya karɓar akt de sesiyon ya riƙe, amma da sharaɗin a fitar da titir, kuɗin aikin kuma a wuyan mai cin bashi.

Bayan takarda, banki zai aiko mai ƙiyasi ya ga gidan. Farashin da kuka yi da mai sayarwa bai dame shi ba, abin da gidan zai yi in an sa shi gwanjo yake dubawa. Ginin laka a lungun da mota ba ta shiga ba zai yi daraja ɗaya da na siminti a bakin titi ba. Kuma da wuya banki ya biya kuɗin gida duka, sai ka kawo naka kaso tukuna. In gini za ka yi, zai nemi izinin gini, taswira da lissafin magini, ya kuma riƙa sakin kuɗin kashi-kashi yana zuwa ganin aiki.

Sai babbar tambaya: da me za ka biya? Ma'aikaci zai kawo takardun albashi, ya yarda albashin ya riƙa shiga ta bankin, galibi kuma ba a yarda abin da ake cirewa a wata ya wuce kusan sulusin albashi. Nan ne ɗan kasuwa ke shan wahala. Mai juya miliyoyi a Kasuwar Dole ko Katako, wanda kuɗinsa ke cikin aljihun babbar riga da cikin kaya, a idon banki bai kai ƙaramin ma'aikaci mai albashin jika 150 ba, don babu abin da ke shaida cinikinsa. Maganin wannan sai an fara shi da wuri: a buɗe asusu, a riƙa zuba ciniki a ciki ana fitarwa ta ciki, shekara guda ko fiye. A yi rajistar kasuwanci, a karɓi lambar haraji ta NIF, a adana rasit ɗin patanti, a riƙe littafin shiga da fita ko da yaron shago ne zai riƙa rubutawa. A kuma sani cewa tun 2016 akwai ofishin tattara bayanan bashi na ƙasashen UEMOA, inda bankuna da asusan lamuni ke ganin tarihin mai neman bashi. Ƙaramin bashin da ka yi wasa da shi a wani asusu a Tawa yana iya tare maka ƙofa a Yamai.

Za a kuma ɗora maka inshora biyu: ta rai, wadda za ta biya sauran bashin in ka rasu ko ka nakasa don kada a kori iyalinka, da ta gobara a kan gidan. Ana duba shekarunka, wani lokaci har a tura ka gwajin likita. Ga kuɗin buɗe dosiye, ga na noter da na rubuta jinginar.

Mu yi lissafi na misali. Ka ci bashin miliyan 10, ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara. In shekara 10 za ka biya, kowane wata kusan jika 132 ne, jimla miliyan 15 da jika 858. In shekara 5 ce, kowane wata kusan jika 212 da rabi, jimla miliyan 12 da jika 748. Ban sa inshora da haraji a ciki ba. Ka ga tsawon lokaci yana sauƙaƙa wata, yana tsadar da gida. Kuma bisa ma'aunin sulusi, mai biyan jika 132 sai ya nuna yana samun kusan jika 400 a wata. Don haka kada a tsaya ga ruwan da aka faɗa da baki. A nemi adadin da ya haɗa duk caje-caje, a kuma karɓi jadawalin biya a rubuce, wata bayan wata. Doka ta sa wa ruwa iyaka: a 2014 an tsayar da ita a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusan lamuni, kuma akan sake duba ta, sai a tambayi wadda ke aiki ranar sa hannu.

A ƙarshen 2018 aka buɗe bankin gidaje na ƙasa, BHN, don irin wannan bukata. Masu gudun riba kuma suna da hanyar bankin Musulunci, irin su BIN, inda ake amfani da murabaha: banki ya sayi gidan, ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. Sai dai ta kowace ƙofa ka shiga, maganar takarda mai tsabta da shaidar samun kuɗi tana nan tana jiranka.

In biya ya gagara

Kasuwa yau riba gobe faɗuwa, iyaka na iya rufewa, gobara na iya tashi. Wanda ya ga alamar ba zai iya biya ba ya riga banki magana, ya nemi a sake tsara masa jadawali a rubuce. Ɓuya da kashe waya ba sa hana ruwa hawa.

Banki ba shi da ikon zuwa da kansa ya sa wa gida kwado. Sai wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, ya kawo takardar umarnin biya mai wa'adin kwana 20. In ba a biya ba ana rubuta umarnin a littafin filaye, daga nan gidan ya shiga kamu, a bi matakai har a sayar da shi gwanjo a gaban kotu ko noter. Abin da ya rage bayan an cire bashi da kuɗin shari'a na mai gida ne. Dokar 2010 ta kuma hana banki neman kotu ta mallaka masa gidan kai tsaye in shi ne mazaunin mai jinginar, sai dai a sayar. Duk wanda irin wannan takarda ta iso masa ya nemi lauya a ranar, domin kowane mataki yana da wa'adinsa.

Wanda Allah ya taimaka ya gama biya kuma, aiki bai ƙare ba. Ya karɓi takardar sauke jingina daga banki, a kai ta ma'aikatar filaye a goge, ya karɓo titir ɗinsa. In ba haka ba, ranar da zai sayar ko magada za su raba, za a tarar gidan yana nan a ɗaure a littafi.

Kalma biyu ga iyayenmu mata

Hajiya, in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta. Addini da doka duka sun yarda mace ta mallaki dukiyarta. Mata da yawa kan sa sunan maigida ko na babban ɗa don kara. Ranar da maigida ya rasu gidan ya shiga gado, ke da abokan zamanki tumuni za ku raba, wato kashi ɗaya cikin takwas in akwai ƴaƴa, a gidan da ke kika saya da guminki. In kun haɗa kuɗi ne, noter yana iya rubuta sunaye biyu da kason kowa.

Na biyu, in ɗa ko ƙane ko maigida ya zo ya ce ki ara masa takardar gidanki ya kai banki, "sa hannu kawai za ki yi", ki sani gidan ne kika ɗora a kan bashinsa. In ya kasa biya, naki za a sayar. Ban ce kada a taimaki ɗan uwa ba, amma ki tambayi noter adadin bashin da tsawon lokacinsa, ki kwana kina tunani kafin ki dangwala.

Gwaggona ta koma adashe. Bara ta sayi wani ɗan fili, bai kai rabin na farko ba. Wannan karo sai da ta sa ni gaba muka je meri sau biyu, ta biya jewometir ya tono duwatsun iyaka huɗu tana tsaye, kuɗi suka bi ta ofishin noter. Dillalin har ya yi fushi, ya ce Hajiya ta cika bincike. Takardar tana da sunanta yanzu, an kuma shigar da neman titir. Asalin yana cikin gwangwani mai murfi saboda gara da ɗigon damina, kwafi ɗaya yana wurina. Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya tsare mu da asarar gumi.